A Ba Nas Bakin Magana Kafin Kafso Ya Daina Aiki

Sanin kowa ne cewa wanda majiyyaci yake fara gani idan ya shiga asibiti, kuma wanda yake gani na ƙarshe ranar da za a sallame shi, shi ne nas. Likita yakan zaga da safe, ya duba kati, ya rubuta abin da zai rubuta, ya wuce wani ɗakin. Nas ita ce take kwana da marasa lafiya, ita take miƙa ƙwaya, ita take ɗaura ruwa, ita take wanke miki, ita kuma 'yan jinya suke tasa da tambaya da tsakar dare. A ƙananan asibitocin karkara kuwa, inda ganin likita sai an yi sa'a, nas ko ungozoma ko malamin asibiti shi ne komai da komai. Saboda haka muke ganin cewa duk wata shawara da manya za su yi a Abuja ko a Janiba game da magungunan da suka daina kashe ƙwayoyin cuta, in dai ba ta sauko hannun waɗannan ma'aikata ba, to a takarda za ta tsaya.

Bari mu fara bayyana matsalar domin amfanin masu karatu. Magungunan da muke nufi su ne waɗanda ake kira antibayotik, irin su fenisilin, da amoksisilin, da Septrin, da Ampiclox, da allurar jentamaisin, da kafson nan mai ja da rawaya wanda babu tiren mai tallar magani da za a rasa shi. Aikinsu shi ne kashe ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya. Sau da yawa mukan ji mutum ya ce, "Ai jikina ya saba da maganin nan, shi ya sa ba ya yi mini aiki." A gaskiya jiki ba ya sabawa. Ƙwayar cutar ce take sauyawa. Manomi zai fi kowa saurin ganewa: idan aka yi feshin ciyawa da magani wanda aka cika masa ruwa, raunanan ciyayi su mutu, masu taurin rai su tsira, su zuba iri, baɗi kuma gonar ta cika da irin da feshin ba ya taɓawa. Haka abin yake a cikin hanji da huhu da jini, sai dai ita bakteriya ba ta jiran baɗi, domin akwai wadda takan rabu biyu cikin minti 20 idan ta sami wuri mai daɗi. Ƙwayar da ta tsira a cikin mutum ɗaya kuwa ba ta zama a wurinsa. Tana bin hannu, da ruwa, da bayan gida, ta shiga maƙwabcinsa wanda bai taɓa shan maganin ba.

Wannan ba sabon labari ba ne. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945, lokacin da aka ba shi lambar Nobel, cewa rana na zuwa da kowa zai iya sayen maganin a kanti, kuma wanda bai sani ba zai sha abin da bai kai ƙa'ida ba, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure shi. Ranar ta zo. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi yi wa ɓarna, idan aka auna da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma, da mutum 27 cikin kowane 100,000. Wato mu ne a kan gaba. Idan ba a manta ba, mun riga mun ga irin wannan a wani fannin: kulorakwin da iyayenmu suka dogara da shi shekara da shekaru ya kasa, har gwamnati ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro a 2005. An yi sa'a akwai wani a hannu. Ga wasu cututtukan, abin da ya rage a kan kanta bai taka kara ya karya ba. Ciwon sanyi ya riga ya fi ƙarfin fenisilin da kafso mai ja da rawaya da Cipro a wurare da dama. A lardin Sindh na Pakistan kuma, tun 2016 aka sami taifot wanda ya bijire wa magunguna guda biyar da aka saba ba shi.

To, ina nas ta shigo? Wuri na farko shi ne agogo. Idan likita ya rubuta a ba da allura kowane awa 8, yana nufin kada ƙarfin maganin ya ragu a cikin jini har ƙwayar cuta ta sami sararin farfaɗowa. Idan aka ba da ta ƙarfe 6 na safe, aka ba da ta ƙarfe 2, ta dare kuma ta wuce domin nas ɗaya ce a kan gadaje 30, ko domin 'yan jinya ba su sayo ba, to an yi feshi da ruwa-ruwan magani ke nan. Likita ba zai san haka ba sai an gaya masa. Da safe zai ga zazzaɓi bai sauka ba, ya ɗauka maganin ne ya kasa, ya rubuta wanda ya fi ƙarfi da tsada. Nas da ta rubuta gaskiya a kati, ta ce "ba a bayar ba, babu magani", ta yi aikin da ya fi na wadda ta sa hannu domin kati ya yi kyau. Haka nan batun gwaji: jini ko fitsari ko mugunya da za a kai ɗakin gwaji domin a san wace ƙwaya ce, kamata ya yi a ɗiba kafin a ba da maganin farko, domin bayan an ba da shi sakamakon yakan fito babu komai. Wannan ɗan tsari na wane ya riga wane, a hannun nas yake.

Wuri na biyu, wanda a ganinmu ya fi kowanne nauyi, shi ne hana cutar kama mutum tun farko, domin cutar da ba ta kama ba ba ta bukatar antibayotik. A 1847, a wani asibitin birnin Biyana, likita Ignaz Semmelweis ya lura cewa mata masu haihuwa suna mutuwa da zazzaɓi a ɗakin da likitoci da ɗalibansu suke karɓar haihuwa fiye da ɗakin ungozomomi. Ya sa kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mace, sai mace-macen suka faɗo daga kusan 18 cikin 100 zuwa ƙasa da 3. A lokacin ba a ma san antibayotik ba. Yau, bayan shekara fiye da 170, darasin yana nan yadda yake. Hannun da ya canza wa wannan bandeji ya je ya gyara wa wancan ruwa, shi ne motar da ƙwaya mai taurin kai take hawa daga gado zuwa gado. Safar hannu ma ba ta wadatar ba idan guda ɗaya za a zaga ɗaki da ita.

Akwai kuma robobin da ake sa wa majiyyaci, ta fitsari da ta jijiya. Kowace ƙofa ce da aka buɗe wa ƙwayoyin cuta, kuma kowace rana da ta ƙara a jiki haɗarin yana ƙaruwa. Sau nawa ake barin robar fitsari kwana da kwanaki don kawai babu wanda ya tuna ya ce a cire? Nas da take tambaya kowace safiya, "Likita, har yanzu ana bukatar wannan?" ta hana ciwon mafitsara wanda da sai an yi mako ana yaƙi da shi. A ɗakin haihuwa ma haka ne. Cibiyar jariri da aka shafa wa man kulohekzidin, wanda jihar Sakkwato ta fara rabawa tun 2013, ta fi wadda aka gasa da tsumma ko aka shafa wa man goge haƙori, sannan aka bi jaririn da ɗigon Ampiclox wai don rigakafi. Wannan ɗabi'a ta ɗura wa lafiyayyen jariri antibayotik a makonsa na farko ta yaɗu ƙwarai, kuma ungozoma ce kaɗai take da bakin da kaka za ta saurara.

Wannan ya kawo mu ga magana, wadda ita ce aikin da ba a rubuta shi a kati amma ya fi cin lokaci. Mura, da yawancin tari, da yawancin gudawar yara, ƙwayar bairos ce take kawo su, antibayotik kuwa ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari yake bukata da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, sai fa idan akwai jini a bayan gidan ko ana zargin kwalara. Yaro mai tari kuma akwai hanyar da aka koya wa kowace nas: ta ɗaga rigarsa ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Idan ɗan wata 2 zuwa shekara ɗaya ya kai 50, ko ɗan shekara ɗaya zuwa 5 ya kai 40, ko ƙirjinsa yana faɗawa ciki, to alamar ciwon huhu ce, a ba shi amoksisilin ba tare da ɓata lokaci ba. Idan bai kai ba, kuma babu wata alamar haɗari, uwa ta koma gida da bayani. Minti ɗaya ne kawai da agogo, amma shi ne yake raba yaron da magani zai cece shi da yara da yawa waɗanda za a ɗura wa a banza.

Sai dai a nan ne gizo yake saƙar. Uwar da ta biya kuɗin babur daga ƙauye, ta bi layi tun safe, aka ce mata ta koma da ruwan gishiri da sukari, gani take an raina ta. Maigida zai ce asibitin nan ba su iya aiki ba, ko allura ba su yi wa yaron ba. Gobe sai a wuce kemis, inda babu mai ƙirga numfashi, a haɗo musu ƙwaya kala huɗu a leda. Jama'armu sun ɗauki allura da ƙarin ruwa a matsayin shaidar cewa an kula da su, nas ɗin da ya hana kuwa sunansa marowaci ko mai girman kai. Muna roƙon masu karatu su sake tunani a kan wannan. Rubuta allura ya fi sauƙi, ba ya jawo gardama, a wasu wuraren ma riba yake kawowa. Wanda ya zauna ya yi miki bayani na minti biyar, 'yar'uwa, ya ce ki dawo jibi idan kin ga kaza da kaza, ya zaɓi hanya mai wuya ne saboda ɗanki. Su kuma nas-nas, hanawa kaɗai ba ta isa ba. "Babu magani, je ki" kora ce. A gaya wa uwa abin da yake damun yaron, da kwana nawa zai ɗauka, da alamun da in ta gani ta dawo ko da tsakar dare ne.

Ba za mu ɓoye ba, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai ma'aikatan jinya da suke tashi daga aiki su buɗe wani asibitin a ɗakinsu, suna yi wa maƙwabta allurar seftiriyakzon a kan kowane zazzaɓi, guda ɗaya ko biyu gwargwadon kuɗin mutum. Akwai waɗanda duk wanda gwajin Widal ya nuna wani abu sai su ce taifot ne, alhali masana sun daɗe suna faɗin cewa wannan gwaji shi kaɗai ba abin dogaro ba ne a ƙasar da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar. Akwai kuma masu sa fararen kaya waɗanda ba su taɓa shiga makarantar jinya ba, ba su da rajista da Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya, amma unguwa duka tana kiransu "Sista". Jentamaisin da suke tsirawa ba lissafi yana iya lalata ƙoda, yana iya kurmantar da mutum har abada. Kafso mai ja da rawaya yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba. Ƙungiyar nas-nas ta ƙasa ita ya fi kamata ta fara tsawata wa waɗannan, domin sunanta suke ɓatawa.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. An ɗora wa nas nauyi, ba a ba ta iko ba. A asibitocinmu da yawa, nas da ta ce wa likita, "Yau kwana 7 ke nan yana kan wannan allura, ya fara cin abinci, ko za a mayar da shi kan ƙwaya?" tana iya jin amsar da za ta sa ba za ta ƙara tambaya ba. Alhali tambayar daidai take. Ƙa'idar aiki ita ce a sake duba kowane antibayotik bayan kwana 2 zuwa 3, a ga ko a tsayar, ko a sauya, ko a koma na baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2016 maganin da ake bayarwa domin rigakafi lokacin fiɗa, kafin a fara yanka ake ba da shi, kuma kada a ci gaba da shi bayan an gama. Amma a wurare da dama matar da aka yi wa fiɗar haihuwa lafiya lau takan sha kwana biyar ko bakwai ana yi mata allurai biyu ko uku, mijinta yana sayar da hatsi yana biya. Wa yake ganin wannan kullum? Nas. Wa aka tambaya? Ba ita ba.

Wasu likitoci za su ce, kuma da gaskiyarsu, rubuta magani aikinsu ne, su doka za ta kama idan abu ya ɓaci, kuma jirgi ɗaya ba ya yin matuƙa biyu. Ba mu ce a miƙa wa nas alƙalamin likita ba. Abin da muke cewa shi ne shugabannin asibiti su rubuta a fili cewa tambaya a kan antibayotik tana cikin aikin nas, a sa wuri a kati inda za a rubuta dalilin maganin da ranar da za a tsayar da shi, kuma duk kwamitin da aka kafa domin lura da magunguna a sa babbar nas a ciki da cikakkiyar murya, kada a kira ta don ta rubuta bayanin taro kawai. Wasu kuma za su ce a ƙasar da yara suke mutuwa saboda rashin magani, maganar rage shi ta masu ƙoshi ce. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa raba azitiromaisin ga ƙananan yara sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kusan 18 cikin 100 a Jamhuriyar Nijar, ko da yake an ga ƙwayoyin da suke jure maganin sun ƙaru a garuruwan da aka raba. Wato rashin magani yana kisa, yawansa ba bisa ƙa'ida ba ma yana kisa, kuma ana bukatar mai ido a bakin gado wanda zai san wane ne wane.

Misalin da ya fi nuna abin da nas za ta iya idan aka ba ta dama shi ne tarin fuka. Maganinsa wata 6 ne, kuma mutum yakan ji sauƙi tun a wata na biyu ya so ya daina. Tsarin da aka bi shi ne ma'aikacin lafiya ya riƙe rajista, ya ga an haɗiye ƙwaya, ya bi sawun wanda ya ɓace har gida. Wanda ya yi wasa da shi har cutar ta bijire, a da sai ya yi wata 18 zuwa 24 yana shan magani, da allurai masu kurmantarwa, kafin a samo sabon haɗi na wata 6 wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2022. Duk inda shirin nan ya yi nasara, rajistar wata nas ce da ƙafafunta suka yi aikin.

Abin takaici shi ne muna neman wannan aiki daga mutanen da suke ta raguwa. A farkon 2024 shugaban Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ya bayyana cewa nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara 3. Waɗanda suka rage su ne suke riƙe da ɗakuna biyu a dare ɗaya. Kuma wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF a 2022 ya ce rabin asibitocin duniya ba su da cikakken wurin wanke hannu da ruwa da sabulu ko man goge hannu. Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga asibitin da 'yan jinya ne suke ɗebo ruwa a jarka. Nijeriya ta fitar da shirinta na ƙasa a kan wannan matsala a 2017, ta fitar da na biyu a 2024, kuma a Satumban 2024 shugabannin duniya sun yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Madalla da alkawari. Amma gaya wa nas ta wanke hannu sau 50 a rana a ɗakin da famfonsa ya bushe tun bara, neman a ɗora mata laifi ne kawai.

Asibitocin mishan suna da abin yi a nan, domin tun daga Vom da Garkiɗa da Wusasa su ne suka horar da nas-nas na farko a wurare da yawa na Arewa, kuma har yanzu makarantun jinya da ƙananan asibitoci masu yawa suna hannun ikkilisiyoyi. Hukumomin da suke kula da su ba sa bukatar jiran Abuja kafin su duba abu uku a taronsu na gaba: ko akwai ruwa da sabulu a kowane ɗakin kwanciya, ko albashin ma'aikata ya dogara ne a kan yawan maganin da aka sayar, da kuma ko nas tana iya tambayar likita ba tare da tsoron takardar gargaɗi ba. Na biyun nan shi ne mai wuyar faɗi, domin ƙaramin asibiti da yawa da cinikin magani yake biyan ma'aikata, kuma muddin haka ne, kowace uwa da aka sallama da ruwan gishiri da sukari asara ce a littafin akawu. Zumuntar mata kuma, waɗanda kusan kowane reshe yana da nas ko ungozoma a cikinsa, su ba ta minti 15 a taronsu tsakanin 18 da 24 ga Nuwamba, makon da duniya ta keɓe domin wannan magana, ta zo da kwalin Ampiclox da kafso mai ja da rawaya a hannu, ta nuna wa mata waɗanne ne, ta kuma amsa tambayoyinsu.